Matan masaƙa da ƙuri'ar da ta iso musu a makare

Ranar 13 ga Oktoban 1905 jam'iyyar Liberal ta yi gangami a zauren Free Trade Hall da ke Manchester, Sir Edward Grey ne babban mai jawabi. Da aka zo lokacin tambayoyi sai wata mata ta miƙe ta ce, in Liberal ta kafa gwamnati, za ta ba mata ƙuri'a? Aka yi kunnen uwar shegu da ita. Ta haye kan kujera ta maimaita. Masu tsaron zauren suka yi waje da ita da abokiyar tafiyarta, 'yan sanda suka tasa ƙeyarsu. Washegari alƙali ya ce ko tara ko ɗauri. Christabel Pankhurst, ɗalibar koyon aikin lauya, kwana bakwai. Annie Kenney, wadda ta yi tambayar, kwana uku. Dukansu suka ƙi biyan tarar. Daga wannan rana ake ƙirga zamanin fito-na-fito a gwagwarmayar matan Birtaniya ta neman 'yancin zaɓe.

Sunan gidan Pankhurst ya fi fita, kuma ba a banza ba: a falon Emmeline Pankhurst, mahaifiyar Christabel, aka kafa WSPU, ƙungiyar mata masu neman ƙuri'a, a watan Oktoban 1903, da taken aiki ya fi surutu. Ita kuwa Annie Kenney 'yar masaƙa ce daga kusa da Oldham. Tana da shekara 10 ta fara rabin yini a makaranta rabin yini a bakin inji, tana 13 ta koma aiki zalla, tun ƙarfe shida na safe. Kwarkwaron inji ya cire mata yatsa guda. Wajen shekara 15 ta yi a wannan aiki kafin ta haɗu da Christabel.

Me ya kai mai kaɗin auduga neman ƙuri'a, alhali cikinta ma da ƙyar take cika shi? Amsar tana Lancashire. Wannan yanki shi ne cibiyar saƙa ta duniya a lokacin. Don ciyar da injinansa ne ma aka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchester a 1902, wadda daga baya ta dasa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Mata ne suka fi yawa a cikin masaƙun, suna karɓar albashinsu a hannunsu, suna cikin ƙungiyoyin ƙwadago, suna biyan kuɗin ƙungiya duk mako. Majalisa ke yanke awannin aikinsu, ita ke faɗin shekarun da yaro zai shiga masaƙa, har akwai masu kiran a hana matan aure aiki gaba ɗaya, ba tare da an ji ta bakin ko mace ɗaya ba. A 1902 ƙungiyoyin masaƙa suka tsayar da David Shackleton a mazaɓar Clitheroe ya ci. A lokacin gwamnati ba ta biyan ɗan majalisa albashi, 'yan ƙungiya ke karo-karo su riƙe shi, kuma mafi yawan masu karo-karon nan mata ne. Suna biyan wakili, amma ba su da hannu a zaɓensa. Shekara guda kafin nan, a 1901, matan masaƙun Lancashire sun kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum 29,359, wadda irin su Selina Cooper da Sarah Reddish suka bi ƙofa-ƙofa da bakin masaƙu suka tara bayan an tashi aiki. Aka karɓa da ladabi, aka ajiye.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da WSPU da sauran tsofaffin ƙungiyoyi ke nema shi ne a ba mata ƙuri'a bisa sharaɗin da aka ba maza. Sharaɗin kuwa na dukiya ne da muhalli: sai mai gida, ko mai biyan haya da ta kai wani adadi, wanda ya daɗe a wuri ɗaya. Da wannan ma'auni kimanin kashi 40 cikin ɗari na mazan ƙasar ma ba su da ƙuri'a. In an shimfiɗa wa mata irin wannan doka, matar ɗan dako da ke zaune a ɗakin da aka kama da sunan mijinta ba ta ciki. 'Yar aikin da ke kwana a gidan uwargijiyarta ba ta ciki. Budurwar masaƙa da ke gaban iyayenta ba ta ciki. Wadda za ta samu ita ce gwauruwa ko wadda ba ta yi aure ba mai riƙe da gida da sunanta.

Wannan ya raba kan 'yan ƙwadago gida biyu. Wasu suka ce a bar batun mata kawai, a nemi ƙuri'a ga duk baligi, namiji da mace, domin ƙara wa masu hali ƙuri'a ƙarin ƙarfi ne ga jam'iyyar Conservative. Wasu, ciki har da Keir Hardie, jigon 'yan ƙwadago a majalisa, suka ce masu wannan magana jan ƙafa kawai suke yi, kuma in tafiya ta yi tafiya za su karɓi ƙuri'ar duk maza su manta da mata. Gara a fasa katangar jinsi tukuna, ko da ƙaramar kafa ce. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, da yawa daga matan da suka shiga kurkuku saboda wannan buƙata sun san cewa ko an amince da ita gobe, su ba za su jefa ƙuri'a ba. Ƙudurin sulhu na 1910, wanda aka yi wa mata kusan 300 dukan kawo wuƙa a gaban majalisa saboda shi ranar 18 ga Nuwamba, ranar da ake kira Baƙar Juma'a, mata kimanin miliyan ɗaya kacal zai ba ƙuri'a.

A farkon tafiya talakawa ne ƙashin bayan WSPU. Da aka tura Annie Kenney Landan a 1906, da fam biyu a jaka, unguwannin gabashin birnin ta nufa, kuma reshen farko na Landan a Canning Town aka buɗe shi tare da Minnie Baldock, wadda ta yi aiki a masana'antar ɗinka riguna. A watan Yunin shekarar aka kama Annie da Adelaide Knight da wata dattijuwa a ƙofar gidan Asquith, lokacin yana ministan kuɗi. Aka ba su zaɓi: mako shida a kurkuku, ko su ɗauki alkawarin barin zanga-zanga na shekara guda. Adelaide, mai tafiya da sanda tun ƙuruciya, ga ƙananan yara a gida, ta zaɓi kurkuku, mijinta ya riƙe yaran.

Sai kuɗi suka fara shigowa. Emmeline Pethick-Lawrence da mijinta Frederick suka kawo dukiya da tsari, hedikwata ta koma tsakiyar Landan, aka fara tarukan tara gudummawa inda matan manya ke cire sarƙoƙinsu su jefa a faranti. Christabel ta lura cewa 'yan majalisa da 'yan jarida sun fi razana da ganin matar mai sarauta a hannun ɗan sanda fiye da ganin jerin gwanon matan unguwar talakawa. Zuwa 1907 ƙungiyar ta raba gari da 'yan ƙwadago, ta soke taron shekara-shekara da zaɓen shugabanni. Masu ƙorafi suka fice suka kafa tasu ƙungiyar ƙarƙashin Charlotte Despard. Daga 1908 ana son mahalarta jerin gwano su fito cikin fararen kaya da ɗamara mai launin shuni da fari da kore. Farar riga a garin hayaƙin gawayi ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne ga mai wanki da hannunta. Annie Kenney kuwa, a wasu manyan taruka na farko, da mayafin masaƙa da takalmin katako ake fito da ita, don a nuna wa duniya cewa ƙungiyar ta ma'aikata ce.

Kada a ɗauka cin moriyar ganga kawai aka yi da su. WSPU na biyan masu shirya mata taruka albashi, Annie na karɓar fam biyu a mako, abin da ya fi na masaƙa nesa ba kusa ba, kuma ƙungiyar ta mayar da matan da ba su gama firamare ba masu jawabi a gaban dubban mutane. Da Christabel ta tsere Faris a 1912, Annie ce ta riƙe ragamar aiki a Landan, tana ɓad da kama tana ƙetare teku don karɓo umarni. Ba ta taɓa juya wa gidan Pankhurst baya ba.

Sai dai kurkuku ba farashi ɗaya ake sayar da shi ba. Matar da ke da kuku da mai raino, in an ɗaure ta wata guda, za ta dawo ta tarar da gidanta yadda ta bar shi, a yi mata liyafa a maƙala mata lambar yabo. Mai aikin masaƙa kuwa albashin wata ya tafi, wataƙila aikin ma ya tafi, mai gidan haya na bakin ƙofa ranar Litinin, yara na hannun maƙwabta, bargo da takalmin miji sun tafi jingina. Hannah Mitchell, tela ce da makarantar mako biyu kacal ta yi a rayuwarta, an kama ta a Manchester a 1906. Kwana ɗaya ta yi, mijinta ya je ya biya tarar ba da son ranta ba. Ta rubuta daga baya cewa mazan da ke goyon bayan ƙuri'ar mata ma sun fi damuwa da abincinsu na rana, kuma ba a cin nasarar gwagwarmaya a ɗan tsakanin girkin rana da na yamma. A 1907 wahalar aikin ta kwantar da ita, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu ko ɗaya daga gidan Pankhurst da ya aiko mata da gaisuwar sannu. Ta bar ƙungiyar.

Akwai waɗanda suka yi dace. Alice Hawkins, mai ɗinkin takalma a Leicester, uwar 'ya'ya shida, sau biyar ana ɗaure ta. Masana'antar da take aiki ta haɗin gwiwar ma'aikata ce, don haka tana dawowa bakin kekenta, kuma mijinta Alfred na tare da ita, har aka taɓa wurgo shi daga wani taron Winston Churchill ya samu karaya a ƙafa. Dora Thewlis, 'yar shekara 16 daga masaƙar Huddersfield, an kama ta a watan Maris na 1907, hotonta ya fito a shafin farko na jaridar Daily Mirror, gashi a warwatse, 'yan sanda biyu riƙe da hannuwanta. Alƙali ya yi ta faɗan cewa yarinya irin wannan makaranta ya kamata tana. Bai tambayi dalilin da ya sa doka ta yarda ta yini a bakin inji ba.

Inda bambancin ya fito tsirara shi ne cikin gidan yari. Fursunoni a Ingila aji uku ne a lokacin. Ajin farko na sa kayansa, yana karɓar baƙi da littattafai. Aji na uku kayan gidan yari ne da aikin wahala. Alƙali ke zaɓa wa mutum aji, kuma kowa ya san da me yake aunawa. A watan Yulin 1909 Marion Wallace Dunlop ta fara yajin cin abinci don a ɗauke ta a matsayin fursunar siyasa, aka sake ta bayan awa 91. Da abin ya yaɗu, gwamnati ta koma ɗura. Cikin waɗanda aka fara yi wa a kurkukun Winson Green na Birmingham a watan Satumba akwai Mary Leigh, matar wani magini, wadda ita da Edith New suka fara fasa tagogin gidan firaminista a 1908. Gandirobobi mata su danne mutum a kujera ko gado, a buɗe bakinsa da ƙarfe, ko a zura doguwar roba ta hanci har ciki, likita ya riƙa zuba madara da ƙwai ta mazurari. Sau da yawa amai ke biyo baya, a kan gashi da tufafi. In robar ta kuskure hanya abincin ya faɗa huhu, kamar yadda ya faru da Lilian Lenton a 1913, rai na iya salwanta.

Lady Constance Lytton, 'yar tsohon wakilin sarauniya a Indiya, 'yar'uwar wani mai sarauta a majalisar dattawa, an kama ta a Newcastle a watan Oktoban 1909. Ta shiga yajin cin abinci, likita ya auna ta ya ce zuciyarta ba ƙarfi, aka sallame ta. Ministan cikin gida Herbert Gladstone ya musanta cewa darajar gidansu ce ta jawo. Ba da jimawa ba labarin Selina Martin ya fito daga kurkukun Walton na Liverpool: 'yar talakawa ce, an hana ta beli, an sa mata ankwa ta kwana da ita, an ja ta a kan matakala an yi mata ɗura tun ba a yanke mata hukunci ba. Lytton ta yanke shawarar gwada maganar minista. A watan Janairun 1910 ta datse gashinta, ta sayi kwat mai arha da wata hula marar fasali da tabarau, ta ce sunanta Jane Warton, ɗinki take yi. Ta jagoranci zanga-zanga a ƙofar Walton, aka kama ta, aka ba ta kwana 14 a aji na uku. Wannan karon babu wanda ya damu da zuciyarta kafin a fara. Sau takwas aka yi mata ɗura, har likitan ya taɓa marinta a kumatu bayan ya gama. Da aka gane ko wace ce, nan da nan aka buɗe mata ƙofa. Lafiyarta ba ta sake dawowa ba. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 1912, ta rasu a 1923. Jarumtarta ba abin musu ba ce. Amma abin lura, Selina Martin ta riga ta faɗi duk abin da ake yi a Walton, sai da 'yar sarauta ta maimaita sannan ƙasa ta girgiza.

Daga 1912 salon ya ƙara zafi: fasa gilasan manyan kantuna, ƙona akwatunan wasiƙa, cinna wa gidajen da ba kowa wuta, har da bam a gidan da ake gina wa ministan kuɗi Lloyd George a Fabrairun 1913. Gwamnati ta fito da dokar da jama'a suka laƙaba wa Dokar Kyanwa da Ɓera: in mai yaji ta galabaita a sake ta, in ta ɗan murmure a sake kamo ta. Wannan salo na ɓoye ne, na 'yan tsirarun da suka sadaukar da komai, ba na mai tashi da asuba zuwa aiki ba. Mafi yawan matan masaƙun arewa, irin su Selina Cooper, tun farko ba su bi shi ba. Sun tsaya a babbar ƙungiyar lumana ta Millicent Fawcett, wadda mambobinta suka haura 50,000, kuma wadda ta ƙulla yarjejeniyar zaɓe da jam'iyyar Labour ta 'yan ƙwadago a 1912. A farkon 1913 taron Labour ya yanke cewa ba za su goyi bayan duk wata dokar faɗaɗa zaɓe da ta bar mata a baya ba. A ganina wannan ƙulli, da ba ya cikin hotunan da aka fi yaɗawa, ya amfani mace ma'aikaciya fiye da duk gobarar da aka tayar, ko da yake da wuya a ce 'yan siyasa za su saurari masu lumana haka in ba don masu fasa gilashi sun hana su barci ba.

Wadda ta yi ƙoƙarin haɗa zafin gwagwarmaya da talakawa ita ce Sylvia Pankhurst, ƙanwar Christabel. Ta tare a Bow, unguwar da 'yan matan kamfanin ashana suka yi shahararren yajin aikinsu a 1888, ta kafa rassa tsakanin matan 'yan dako, masu wanki da guga, masu ɗinki a gida. Salonsu na taron jama'a ne a fili, maza da mata tare. Idan aka sako ta daga kurkuku a galabaice, gidan Jessie Payne da mijinta, masu ɗinkin takalma, ake kai ta jinya, 'yan unguwa su yi mata garkuwa daga 'yan sanda. Da ta hau mumbari ɗaya da Jim Larkin, shugaban 'yan ƙwadago a Ireland, a watan Nuwamban 1913 don goyon bayan ma'aikatan Dublin, tura ta kai bango. A Janairun 1914 aka kira ta Faris aka sallame ta da rassanta. Bisa abin da Sylvia ta ruwaito, Christabel ta ce mata ma'aikata su ne mafi rauni a cikin mata, kuma yaƙi zaɓaɓɓu yake buƙata, masu ƙarfi da ilimi.

Wata biyar bayan haka, waɗannan raunanan ne suka samu abin da ya daɗe yana gagarar WSPU. Sylvia ta sa aka kwantar da ita a ƙofar majalisa ta ce ba ci ba sha sai Firaminista Asquith ya gana da matan gabashin Landan. Ranar 20 ga Yunin 1914 ya karɓi tawagar mata shida ƙarƙashin Julia Scurr. Cikinsu akwai Jane Savoy, wadda ta shafe sama da shekara 40 tana haɗa buroshi, ta zo da sunan aro saboda mijinta ba ya son ganin sunansa a jarida. Ta ɗora buroshi a kan teburin firaminista, ta nuna masa ramukan da take cusa wa gashi ɗaya bayan ɗaya da waya mai yanka hannu. Ladanta bai wuce kwabo biyu ba, a kanti kuwa sule goma da sisi ake sayar da shi. Asquith, wanda ya shekara da shekaru yana ƙeƙasa ƙasa, ya ce in har canjin zai zo, to a yi shi bisa tushen da ya game kowa. Ko da gaske yake ko siyasa ce, ba a samu damar gwadawa ba, domin a watan Agusta yaƙin duniya ya ɓarke. Emmeline da Christabel suka dakatar da gwagwarmaya suka koma kiran maza zuwa fagen daga. Ƙungiyar Sylvia ta buɗe gidajen abinci masu arha, da wurin rabon madara, da gidan raino a wata tsohuwar mashaya, da ƙaramar masana'antar kayan wasan yara don matan da aikinsu ya tsaya.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 6 ga Fabrairun 1918 ta ba kusan duk namiji mai shekara 21 ƙuri'a, soja da ya je yaƙi tun daga 19. Mace kuwa sai ta kai 30, kuma ita ko mijinta na riƙe da muhalli, ko tana da digirin jami'a. Mata kimanin miliyan 8.4 suka shiga rajista. Shigar da matan aure ya sa dokar ta fi ƙudurin 1910 faɗi sosai, matan ma'aikata da dama sun samu. An sa shekara 30 ne da gangan don kada mata su rinjayi maza a rajista bayan asarar rayukan yaƙi. Ana yawan cewa ƙuri'ar tukwici ce na aikin da mata suka yi a masana'antun harsasai, inda sinadarin TNT ya mayar da fatar wasunsu rawaya. Amma galibin waɗannan 'yan mata ba su kai 30 ba, don haka tukwicin ya tsallake su. Haka 'yar aikin da ke kwana gidan aiki, da mai hayar ɗaki da kayan mai gida, da wadda ke zaune gaban iyayenta, ko ta haura 30.

Su sai da suka jira dokar 2 ga Yulin 1928, wadda ta daidaita mace da namiji a shekara 21 ba tare da sharaɗin dukiya ba, ta ƙara mata kimanin miliyan biyar a rajista. Zaɓen gama-gari na farko da suka jefa ƙuri'a shi ne na 30 ga Mayun 1929.